Gwajin Manhajar Layin Umarni: Salon Mercurial ko Salon Git?

Duk wanda ya rubuta manhajar da ake sarrafawa ta layin umarni, ko ba daɗe ko ba jima zai buƙaci hanyar da zai tabbatar cewa gyaran da ya yi yau bai karya abin da yake aiki jiya ba. Gwada ƙananan sassan kod ɗaya bayan ɗaya yana da amfaninsa, amma mai amfani da manhaja ba sassan yake gani ba. Umarni yake bugawa a shel, wato manhajar da take karɓar umarnin da aka rubuta ta gudanar da shi, ya karanta abin da ya fito. Saboda haka gwajin da ya fi kusa da gaskiya shi ne wanda zai buga umarnin kamar yadda mutum zai buga, sannan ya kwatanta abin da ya fito da abin da ake sa ran gani. Manhajoji biyu na adana tarihin sauye-sauyen kod, Git da Mercurial, dukansu an fara su a watan Afrilun 2005 bayan an janye damar amfani da BitKeeper, manhajar da suke adana kod ɗinsu da ita, kyauta daga masu aikin Linux, kuma dukansu sun dogara ƙwarai da irin wannan gwaji. Sai dai kowacce ta bi hanyarta, kuma hanyoyin biyu sun fita daga gidajensu na asali sun zama kayan aiki masu zaman kansu: Cram daga Mercurial, Sharness daga Git. Wanda zai zaɓa tsakaninsu ya kamata ya san abin da kowacce take kama, da abin da take bari ya wuce.

A farkon Mercurial, kowane gwaji fayil biyu ne: ɗaya na umarnin shel, ɗaya na abin da ya kamata ya fito. Idan gwaji ya faɗi, sai mutum ya riƙa leƙa wannan yana leƙa wancan don ya gano wane umarni ne ya haifar da layin da ya sauya. A 2010 aka haɗe su wuri guda a fayil mai ƙarewa da `.t`, wanda idan ka buɗe shi za ka ga kamar an kwafe allon wani da yake aiki ne:

```
Ajiyar farko tana fitowa a tarihi

  $ hg init gida
  $ cd gida
  $ echo a > a
  $ hg add a
  $ hg commit -m farko
  $ hg log
  changeset:   0:* (glob)
  tag:         tip
  user:        test
  date:        Thu Jan 01 00:00:00 1970 +0000
  summary:     farko
```

Layin da ya fara da tazara biyu da alamar dala umarni ne. Layin da ya fara da tazara biyu kawai shi ne abin da ake sa ran ya fito. Layin da babu tazara a farkonsa bayani ne don mai karatu. Idan umarni ya ƙare da lambar fita wadda ba sifili ba, wato alamar cewa bai ƙare lafiya ba, ana rubuta lambar a ƙarƙashinsa cikin bakan kusurwa, kamar `[1]`. Manhajar `run-tests.py` takan gudanar da umarnin duka a jere, ta sake gina fayil ɗin da abin da ya fito da gaske, ta kwatanta shi da na asali. Idan sun yi daidai gwaji ya wuce. Idan sun saɓa, sai ta ajiye sabon a fayil mai ƙarewa da `.err`, ta nuna bambancin. Brodie Rao ya ɗauki wannan tsari ya mai da shi Cram, domin kowace manhaja ta iya amfani da shi, kuma daga baya Dune, manhajar gina ayyukan harshen OCaml, ta shigar da irinsa cikin kanta.

Git kuwa, tun 2005 da Junio Hamano ya rubuta `test-lib.sh`, gwajinta rubutun shel ne na gaske wanda ake gudanarwa kai tsaye. Fayilolin suna cikin foldar `t/`, kowanne da lamba huɗu a sunansa, inda lambar farko take nuna fanni: `t0` na tushe ne, `t4` na kwatanta bambanci, `t5` na jawo da tura kaya tsakanin ma'ajiyoyi. Gwaji ɗaya yakan zo da wannan siffa:

```
test_expect_success 'log yana nuna bayanin ajiya' '
	echo a >a &&
	git add a &&
	git commit -m farko &&
	echo farko >expect &&
	git log -1 --format=%s >actual &&
	test_cmp expect actual
'
```

A nan babu wanda yake duba abin da `git add` ko `git commit` suka buga a allo. Abin da ake nema daga gare su shi ne su ƙare lafiya. Marubucin gwajin ne ya zaɓi abu guda, wato bayanin ajiyar ƙarshe, ya zuba shi a `actual`, ya rubuta abin da yake tsammani a `expect`, ya ce a kwatanta. Sakamakon yana fitowa a TAP, wani tsarin rubuta sakamakon gwaji layi-layi, wanda manhajar `prove` ta Perl take iya karantawa ta kuma gudanar da fayiloli da yawa a lokaci guda. Mathias Lafeldt ne ya ciro wannan ɗakin karatu, wato tarin kod ɗin `test-lib.sh`, daga Git ya mai da shi Sharness.

To, a nan ne asalin bambancin yake. Salon Mercurial yana duba komai sai abin da ka ce a kau da kai daga gare shi. Salon Git ba ya duba komai sai abin da ka ce a duba. Sauran bambance-bambancen duk daga nan suka samo asali.

Mu fara da abin da kowanne yake kamawa. A gwajin `.t`, idan wani gyara ya sa umarni ya fara buga gargaɗin da bai kamata ba, ko ya sauya jerin layuka, ko ya ƙara tazara a ƙarshen kalma, gwajin zai faɗi ko da marubucinsa bai taɓa tunanin wannan matsala ba, domin abin da ya fito ta mafitar sakamako da ta mafitar kurakurai duka ana haɗe su a kwatanta. Wannan faɗin raga ya yi wa Mercurial rana a lokacin ƙaura daga Python 2 zuwa Python 3, aikin da ya ɗauki shekaru kafin siga ta 5.2 ta fito a 2019 da goyon bayan sabon harshen. Ɗaya daga cikin kurakuran da suka fi yawa a irin wannan ƙaura shi ne rubutu ya fito da harafin `b` da alamar zance a gabansa, saboda an buga jerin bayit a inda ake nufin kalma. Umarnin yana ƙarewa lafiya, ma'ajiya tana daidai, saƙon ne kawai ya lalace. Gwajin da yake duba lambar fita kaɗai ba zai taɓa gani ba, amma wanda yake kwatanta kowane layi zai gani nan take. A salon Git irin wannan kuskure yana iya zama shekara a ɓoye, muddin babu wanda ya taɓa rubuta `test_cmp` a kan wannan saƙon.

Haka nan salon Git yana da wani rami da ya daɗe yana cin mutane, wato sarƙar `&&`. Ita ce take haɗa umarni da umarni, ta yadda na gaba ba ya gudana sai na baya ya ƙare lafiya. Idan marubuci ya manta da ita a ƙarshen layi ɗaya, duk abin da ya faɗi kafin wurin za a yi shiru a kansa, gwajin ya wuce bisa sakamakon umarnin ƙarshe kawai. Matsalar ta kai ga sai da aka gina mai bincike na musamman don ita: a 2015 Jeff King ya shigar da dabarar sa umarni mai faɗuwa da lamba 117 a gaban kowane gwaji, a ga ko faɗuwar za ta bi sarƙar har ƙarshe, sannan Eric Sunshine ya rubuta `chainlint` da yake karanta rubutun gwajin yana neman inda sarƙar ta tsinke. Akwai kuma dokar kada a sa `git` a bakin bututu, wato a miƙa abin da ya fitar kai tsaye ga wani umarni, domin shel yana mayar da lambar fitar umarnin ƙarshe ne kawai, saboda haka idan `git` ya mutu a tsakiya babu wanda zai sani. Akwai `test_must_fail`, wanda aka tanada domin alamar `!` ba ta bambanta umarnin da ya ƙi aiki cikin tsari da wanda ya tarwatse. Duk waɗannan dokoki ne da sabon shiga zai koya kafin gwajinsa ya zama abin dogaro, alhali a fayil ɗin `.t` kowane umarni da lambar fitarsa ake rubuta shi, babu sarƙar da za a manta.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce Mercurial ta yi nasara. Amma ba ranar rubuta gwaji ake biyan kuɗinsa ba; ranar da abin da manhaja take bugawa ya sauya bisa niyya ake biya. A ce ka gyara kalma ɗaya a saƙon da umarnin ajiya yake bugawa. A salon Git, gwaje-gwajen da suka duba wannan saƙo ne kawai za su faɗi, wataƙila biyu ko uku. A salon `.t`, duk fayil ɗin da ya taɓa kiran wannan umarni a kan hanyarsa ta zuwa gwada wani abu dabam zai faɗi, kuma suna iya kai ɗaruruwa. Maganin da aka tanada shi ne zaɓin `-i`: mai gudanarwa ya nuna maka bambancin, ya tambaye ka ko ka amince, idan ka ce e sai ya sake rubuta fayil ɗin da kansa. Dune tana da irinsa a `dune promote`. Wannan sauƙi ne na gaske, kuma shi ne haɗarin salon gaba ɗaya, domin mutumin da aka tambaya sau tamanin a jere, amsar kuma e ce a saba'in da tara na farko, da wuya ya tsaya ya karanta na tamanin ɗin da idon basira. Kuskure yana iya shiga fayil ɗin gwaji ta wannan ƙofa ya zama shi ne abin da ake sa rai, daga nan kuma gwajin ya koma mai gadin kuskuren. Nauyin sai ya koma kan mai bitar faci, wato gyaran da aka aiko don a shigar, wanda zai karɓi gyaran layi biyar na kod tare da layi dubu na sauyin gwaji.

Ya kamata a yi wa Mercurial adalci a nan, domin ba da ka ta zaɓi wannan hanya ba. Aikin yana da tsauraran dokoki na kiyaye abin da umarni suke bugawa, saboda mutane sun rubuta manhajoji masu karanta sakamakon `hg log` da `hg status`, kuma sauya shi karya musu aiki ne. Ga aikin da ya ɗauki rubutun allo a matsayin alkawari, gwajin da yake ihu duk lokacin da harafi ya motsa shi ne daidai, kuma girman facin gwaji shi kansa ma'auni ne na yawan mutanen da sauyin zai taɓa. Git ta raba umarninta gida biyu: na ƙasa waɗanda aka yi alkawarin sakamakonsu ba zai sauya ba don manhajoji su dogara da su, da na sama waɗanda aka yi don idon mutum, ana iya gyara kalmominsu ana kuma fassara su. Har zuwa 2021 Git tana da wani yanayin gwaji da yake maye gurbin duk saƙon da ake iya fassarawa da rubutun banza, musamman don a kama gwajin ko rubutun da ya jingina da kalmomin Turanci a inda bai kamata ba. Kowane salon gwaji, ashe, hoton alkawarin da manhajar ta ɗauka wa masu amfani da ita ne, kuma tambayar farko ga mai zaɓi ita ce wane alkawari tasa manhajar ta ɗauka.

Sai maganar abubuwan da suke sauyawa daga gudu zuwa gudu: lokaci, sunan mai aiki, hanyar folda ta wucin gadi, lambar tashar sadarwa, da lambar shaidar ajiya wadda ake lissafa ta daga duk waɗannan. Ayyukan biyu sun fara da daskarar da muhalli. Mercurial tana sa sunan mai aiki ya zama `test`, kwanan wata ya zama 1 ga Janairun 1970, yankin lokaci ya zama GMT, ta yadda kwamfutar da take Kano ko Damagaram, awa ɗaya gaba da GMT, za ta buga abin da ta Landan ta buga. Git tana amfani da sunayen ƙirƙira `A U Thor` da `C O Mitter`, kuma `test_tick` yana fara agogo daga wata daƙiƙa ta 7 ga Afrilun 2005 yana ƙara minti ɗaya a kowane kira. Abin da ya rage bayan haka, salon `.t` yana rufe shi da alamu a ƙarshen layi: `glob` don tauraro ya tsaya a madadin kowane rubutu, `re` don tsarin daidaitawa mai zurfi, alamar tambaya don layin da yana iya fitowa yana iya ƙin fitowa, sannan hanyar folda ana maye ta da `$TESTTMP`. Akwai kuma `#if` da `#require` da alamun da suke cewa wannan layi a Windows kawai yake fitowa, wancan sai idan an gina da Rust. Suna aiki, amma fayil ɗin da ya tara su da yawa yakan rasa kyan da aka zaɓe shi dominsa. Ba ya ƙara kama da allon mutum, kuma kowane tauraro wuri ne da gwajin ya rufe ido.

Salon Git bai tsira daga wannan ba a duk inda marubuta suka yi kasala suka kwafe sakamako ɗungurungum cikin `expect`. Lokacin da aka zo ƙara SHA-256, sabuwar hanyar lissafa lambar shaida, a gefen tsohuwar SHA-1, aikin da ya fito a matsayin gwaji a siga ta 2.29 a 2020, brian m. carlson ya shafe dogon lokaci yana bin fayilolin gwaji yana cire lambobin shaida masu harafi 40 da aka rubuta da hannu, yana maye su da `test_oid` ko da lissafin da ake yi a lokacin gudu. Haka aka yi a ƙarshen shekarar, da aka fara shirin sauya sunan reshen farko daga `master`: sai da Johannes Schindelin ya aika jerin faci masu yawa don gwaje-gwajen su daina ɗauka cewa sunan ba ya sauyawa. Bambancin shi ne a rubutun shel akwai mafita mai tsabta, domin ana iya lissafa abin da ake sa rai da umarni, a ajiye shi a ma'aji, a gina `expect` daga gare shi. A `.t` abin da ake sa rai rubutu ne tsayayye. Ko ka rufe shi da tauraro, ko ka tace sakamakon ta `sed` kafin ya fito.

Wanda manhajarsa take buga Hausa yana da ƙarin abin lura. Mercurial da Cram, idan suka zo sake rubuta layin da yake ɗauke da bayit ɗin da ba na ASCII ba, wato ba na haruffan Turanci na yau da kullum ba, sukan rubuta shi da lambobi su sa masa alamar `esc`, ta yadda ƙ za ta koma `\xc6\x99`, ɗ ta koma `\xc9\x97`. Gwajin yana nan daidai, amma saƙon da yake cike da haruffa masu ƙugiya ya daina karantuwa, kuma mai bita ba zai iya ganin kuskuren rubutu a cikinsa da ido ba. A salon Git, `test_cmp` kwatancen `diff` ne kawai, haruffan suna fitowa yadda suke.

Ta fuskar karatu da koyo kuwa, babu gardama. Gani ya kori ji: fayil ɗin `.t` mai kyau shi ne mafi gaskiyar bayanin yadda umarni yake aiki, domin ana tabbatar da shi kullum, kuma wanda ya kawo rahoton matsala yana iya kwafe abin da ya gani a allonsa ya zama gwaji da ɗan gyara kaɗan. Gwajin Git sai wanda ya san shel sosai, ya kuma san alamun zance da suke cikin alamun zance. A gefe guda, idan abu ya faɗi, Git tana gaya maka sunan gwajin da ya faɗi a cikin fayil, tana ba ka `--run` don zaɓar wasu lambobi, `-i` don tsayawa a faɗuwar farko, `-x` don bin umarni ɗaya ɗaya, kuma tana barin foldar aikin yadda take don ka shiga ka duba. Tana da `test_expect_failure` don rubuta matsalar da aka sani ba a gyara ba tukuna. A `.t` fayil ɗin gaba ɗaya shi ne gwaji guda, kuma idan umarni na biyar ya kauce, duk na bayansa sukan kauce tare da shi, sai ka sami dogon bambanci wanda layinsa na farko ne kawai yake da ma'ana. Wajen gudu dukansu suna da nauyi, tunda kowane layi sabon aiki ne ake tayarwa, abin da ya fi ciwo a Windows. Wannan na cikin dalilan da suka sa Git ta ƙara gwaje-gwajen sassa da harshen C a 'yan shekarun nan.

A ganina, ƙaramar manhaja ko matsakaiciya wadda rubutun da take bugawa shi ne hajarta, kamar mai tsara rahoto, mai duba kurakuran kod, ko mai sauya fayil daga siffa zuwa siffa, ta ɗauki salon Cram ba tare da dogon tunani ba, bisa sharaɗi biyu: fayilolin su zama gajeru, kowanne da batu guda, kuma umarnin share fage a rufe bakinsu da zaɓin shiru ko a tura sakamakonsu `/dev/null`, don kada sauyin saƙo ɗaya ya girgiza gidan duka. Manhajar da ainihin aikinta sauya hali ne, wato rubuta fayiloli, motsa rassa, gyara ma'ajiya, wadda saƙonninta suke yawan sauyawa ko ake fassara su zuwa harsuna, ko kuma take gudana a kan tsare-tsare masu yawa, salon Sharness ya fi dacewa da ita, bisa sharaɗin a sa mai binciken sarƙa tun ranar farko, a kuma keɓe wasu gwaje-gwaje da za su kwatanta cikakken sakamakon muhimman umarni har da mafitar kurakurai. Yawan masu bita ma yana shiga lissafi: aikin mutum ɗaya, inda mai danna amincewa shi ne kuma mai duba facin, ya fi fuskantar haɗarin `-i` na salon Mercurial fiye da aikin da ido biyu suke karanta kowane sauyi.

Akwai kuma hanya ta tsakiya ga wanda manhajarsa take da harshe mai kayan gwaji masu ƙarfi. Jujutsu, sabuwar manhajar adana tarihi da Martin von Zweigbergk ya fara da harshen Rust, tana rubuta gwajin umarninta a cikin Rust ɗin, tana share fage da kod na yau da kullum, sannan a wuraren da aka zaɓa kawai take ɗaukar cikakken hoton abin da ya fito da ɗakin karatu mai suna `insta`, wanda yake da nasa umarnin bita da amincewa. Marubuci ne yake zaɓar inda za a duba kamar a Git, amma inda ya zaɓa ana duba kowane harafi kamar a Mercurial. Farashinsa shi ne gwajin ya daina zama rubutun shel da kowa zai iya kwafewa ya buga, kuma sai an gina shi da Rust kafin a gudanar.